Motar Aro da Haƙƙin Gyara: Lamuni a Fiƙihu da Neman Diyyar Inshora

Aron mota yana daga cikin mu'amalolin da suka fi yawa a tsakanin dangi da abokai da maƙwabta a biranen ƙasar Hausa, kuma yana daga cikin waɗanda ake ƙullawa ba tare da an tanka a kan abin da zai biyo baya idan tsautsayi ya gitta ba, domin mai mota yana jin nauyin ya kafa wa ɗan'uwansa sharaɗi, shi kuma mai karɓar makulli yana ganin ambaton hatsari tun kafin a tayar da mota tamkar mugun fata ne. Wannan shirun ne yake sa ƙaramin karo, irin wanda bai wuce fashewar fitila ko lotsewar bamba ko ƙwarzanewar fenti ba, ya haifar da ruɗanin da ya fi ɓarnar girma, saboda a lokaci guda ana samun haƙƙoƙi uku da suka sarƙe da juna: haƙƙin mai mota a kan wanda ya ara, da haƙƙin wanda aka yi karo da shi a kan direba, da kuma yarjejeniyar da ke tsakanin mai mota da kamfanin inshora. Kowanne daga cikinsu yana da hukuncinsa dabam, amma dukkansu a kan abu ɗaya suka dogara, wato bayanin da mai aro zai bayar game da yadda abin ya faru, domin sau da yawa shi kaɗai ne ya san haƙiƙanin gudun da yake yi, da inda hankalinsa yake, da kuma ko tafiyar da aka ba shi izini ce yake kai.

Malaman fiƙihu suna kiran aro da sunan ariya, kuma a wurin Malikiyya ma'anarsa ita ce mallaka wa wani amfanin abu na ɗan lokaci ba tare da ya biya komai ba. Ya bambanta da haya domin babu lada a cikinsa, ya bambanta da rance domin ainihin abin da aka karɓa ake mayarwa, kuma ya bambanta da ajiya domin a ajiya mai kaya ne yake cin moriyar tsaron da ake yi masa, alhali a aro moriyar duka ta wanda ya karɓa ce. Shari'a ta kwaɗaitar da bayar da aro, har ma Abdullahi ɗan Mas'ud ya fassara abin da ƙarshen Suratul Ma'un ya zargi masu hana shi da kayan amfanin yau da kullum da mutane ke arar wa juna, irin su tukunya da guga, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari dokin Abu Ɗalha a wani dare da aka ji firgici a Madina. Aron abin hawa ke nan yana da asali tun farkon Musulunci, kuma tambayar wa zai ɗauki asara idan abin hawan ya samu lahani tsohuwar tambaya ce da malamai suka daɗe suna yi wa gwari-gwari.

Asalin saɓaninsu yana komawa ga matsayin hannun mai aro. Akwai hannun amana, wanda mai shi ba ya biyan abin da ya salwanta a wurinsa sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, akwai kuma hannun lamuni, wanda mai shi yake biya ko da babu laifinsa. Hanafiyya sun sanya mai aro a rukunin farko, suna ganin cewa mai kaya da yardarsa ya miƙa, don haka babu dalilin tara a kan wanda bai yi ta'adi ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun sanya shi a rukuni na biyu, sai dai sun cire tsufa da ƙarewar da amfanin da aka yi izini ke jawowa, kuma babbar hujjarsu ita ce labarin Safwanu ɗan Umayya, wanda Annabi ya ari sulkuna a wurinsa lokacin fita yaƙin Hunaini a shekara ta 8 bayan Hijira, yana mai tabbatar masa cewa aro ne da aka lamunce mayar da shi, kuma da wasu sulkunan suka ɓata sai ya yi masa tayin biya. Ibn Rushd, wanda ya rasu a shekarar 1198, ya bayyana a Bidayatul Mujtahid cewa Imam Malik ya bi hanyar haɗa ruwayoyin da ke nuna lamuni da waɗanda ke kore shi, ta yadda kowanne ya samu muhallinsa.

Hanyar da Malikiyya suka bi, wadda ita ce ɗalibai suke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa cikin Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Halil, ita ce raba kayan aro gida biyu. Akwai abin da za a iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado da makamai, wanda mai aro yake biya idan ya ce ya ɓata, sai fa idan ya kawo shaidun da suka tabbatar da cewa ba da sakacinsa ya salwanta ba. Akwai kuma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar gida da dabbar hawa, wanda ake karɓar maganar mai aro a kansa matuƙar ƙaryarsa ba ta bayyana ba. Dalilin wannan rabo yana da muhimmanci ƙwarai ga mas'alar mota: lamunin da aka ɗora wa mai aro a kashi na farko lamunin tuhuma ne, ma'ana an ɗora shi ne domin toshe ƙofar da mutum zai ɓoye kaya ya ce sun ɓata, shi ya sa da zarar shaida ta kawar da tuhumar sai lamunin ya faɗi. Mota ita ce ta gaji dabba a wannan babi, domin ba a sanya ta a aljihu kuma lahaninta a bainar jama'a yake aukuwa, ko da yake safaya da jak da sauran ƙananan kayan da ke cikin but sun fi kusa da kashi na farko. Halil ya ƙara da cewa abin da ba ya ɓoyuwa ba a lamuntarsa ko da mai kaya ya kafa sharaɗin hakan, kuma masu sharhi sun bayyana cewa irin wannan sharaɗi yana fitar da mu'amalar daga kyautatawa ya kai ta ga haya ɓatacciya. Abin lura a nan shi ne sauƙin da mazhaba ta yi wa mai aron mota an gina shi ne a kan kyautata zato gare shi, don haka duk wanda ya jingina da wannan sauƙi alhali yana karkatar da labarin abin da ya faru, ya ci moriyar hukuncin ne bayan ya rusa dalilin da aka kafa hukuncin a kansa.

Dukkan mazhabobin sun haɗu a kan cewa ƙetare iyaka da sakaci suna wajabta biya. Ƙetare iyaka shi ne aikata abin da izini bai ƙunsa ba, kamar wanda ya ari mota domin kai mara lafiya asibiti a cikin Kano sannan ya zarce da ita Zariya, ko ya loda mata buhunan hatsi alhali don ɗaukar iyali aka ba shi, ko ya yi kabu-kabu da ita, ko ya miƙa sitiyari ga yaron da bai iya tuƙi ba. Ƙa'idar Malikiyya ita ce mai aro yana da damar yin abin da aka yi masa izini da makamancinsa da abin da bai kai shi cutarwa ba, ban da abin da ya fi shi cutarwa. Sakaci kuwa shi ne barin kulawar da mai hankali zai yi wa dukiyarsa, kuma a zamanin mota dokokin hanya su ne ma'aunin wannan kulawa, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Brunei a shekarar 1993, inda ta yanke cewa bin ƙa'idojin tuƙi da hukuma ta kafa domin maslaha wajibi ne a Shari'a, kuma direba yana ɗaukar nauyin ɓarnar da ya yi sai idan wani abin da ya fi ƙarfinsa, ko aikin wanda aka cutar, ko laifin wani mutum dabam ne ya jawo ta. Daga nan ake gane cewa ƙaramin karo ba hukunci ɗaya gare shi ba. Idan motar tana tsaye a inda ya dace, ko tana jiran danja, wani ya zo ya buge ta ta baya, babu komai a kan mai aro a mazhabar Malik, haƙƙin mai mota yana kan wanda ya yi bugun. Idan kuwa mai aro ne ya matsa wa motar gabansa fiye da kima, ko ya kutsa shataletale ba tare da ya bai wa mai hannu hanya ba, ko idonsa yana kan waya, to gyara ya hau kansa, kuma faɗinsa cewa ƙaddara ce gaskiya ne ta fuskar aƙida amma ba ya sauke haƙƙin dukiya, domin imani da ƙaddara yana kawo haƙuri a kan abin da ya wuce ne, bai taɓa zama hanyar kuɓuta daga biyan abin da hannu ya ɓata ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai lalacewar da amfani na al'ada ke kawowa, kamar fashewar tsohuwar taya ko mutuwar batir, wadda hukuncinta yake daidai da na gatarin aro da ya karye yayin da ake sara irin wanda aka saba yi da shi, kuma wannan asarar mai kaya ce.

Haƙƙin wanda aka buge ya fi sauƙin bayani. Risala ta ambaci cewa mai hawan dabba da mai janta da mai korarta suna lamuntar abin da ta tattake, kuma ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce kuskure da ganganci daidai suke a wajen dukiyar mutane, bambancinsu a zunubi ne kawai. Saboda haka mai adaidaita sahun da aka fasa wa gilashi yana bin direba ne, domin direba ne ya aikata ɓarnar da hannunsa, kuma mallakar mota kaɗai ba ta sa mai ita ya zama abin bi a fiƙihu. Gwargwadon biya shi ne mayar da abu yadda yake: a ɓarna ƙarama ana gyarawa a biya abin da ya ragu na ƙimar kaya, a ɓarna babbar da ta kashe amfanin abu ne ake bai wa mai shi zaɓi tsakanin karɓar ƙimarsa duka ko riƙe shi tare da kuɗin tawayar. Hadisin Anas da Buhari ya ruwaito game da akushin da ya fashe a gidan Annabi, aka mayar wa mai shi da lafiyayye a madadinsa, yana nuna cewa manufar biya ita ce cike gurbin da aka yi, ba ladabtar da wanda ya yi kuskure ko azurta wanda aka yi wa ba.

A kan wannan tsohon gini ne inshora ta shigo. A Nijeriya dokar da ta wajabta wa kowace mota inshorar ɓangare na uku ta samo asali tun shekarar 1945, a zamanin mulkin mallaka, kuma ma'anar ɓangare na uku shi ne duk wanda ba mai inshora ba kuma ba kamfani ba, wato mutumin da motar ta cutar a jikinsa ko a dukiyarsa. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora na motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara tun daga 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, sannan 'yan sanda suka fara tsaurara binciken takardar a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025. Abin da masu mota da yawa ba su fahimta ba shi ne wannan inshora ba ta gyara motar da aka yi wa ita, motar ɗaya ɓangaren kawai take gyarawa. Mai son kamfani ya ɗauki gyaran motarsa sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta yake bin ƙimar motar kuma ya ninka na farko sau da yawa. Tunda galibin motocin da ke hannun talakawa da matsakaita takardar dole kawai suke da ita, lotsewar motar aro tana komawa ne kacokan tsakanin mai mota da mai aro, inda babu alƙali sai fiƙihu da lamirin mutanen biyu. Haka nan, ko wace irin inshora ce, shigar mai aro ƙarƙashin kariyarta ta dogara ne da abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya, wadda a bisa al'ada take rufe duk wanda ya tuƙa da izinin mai mota matuƙar yana da lasin mai aiki kuma amfanin da aka yi da motar bai fita daga wanda aka ambata ba, yayin da wasu takardun suke taƙaita tuƙi ga mutanen da aka rubuta sunayensu.

Hukuncin inshorar kanta a Shari'a an daɗe ana tattaunawa a kansa. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa da ya rasu a shekarar 1836, yana daga cikin na farko da suka yi magana a kan inshorar kayan jiragen ruwa, kuma bai halatta wa ɗan kasuwa karɓar diyyarta a ƙasar Musulunci ba, domin a ganinsa lazimta wa mutum ne abin da bai lazimce shi ba. A ƙarni na 20 Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya ya kare halaccinta, yana ganin abin da mai inshora yake saya shi ne kwanciyar hankali, wanda yake samu tun ranar da ya biya, amma rinjayen malamai ya tafi a kan akasin haka, kuma a watan Disamba na 1985 Majalisar Fiƙihu ta yanke a Jidda cewa inshorar kasuwanci mai tsayayyen kuɗi ta ƙunshi garari mai yawa da ke ɓata ƙulli, ta kuma nuna inshorar taimakon juna a matsayin madadi. Garari shi ne rashin tabbas a kan abin da ake musaya, kamar mutum ya biya kuɗi bai san ko zai karɓi wani abu ba, ko nawa zai karɓa. Abin da ya buɗe ƙofar madadin kuwa ƙa'ida ce ta Malikiyya da Alƙarafi ya fayyace a littafinsa Alfuruƙ, cewa garari yana ɓata ciniki amma ba ya ɓata kyauta, domin mai karɓar kyauta bai ba da komai da zai yi asararsa ba. A kan wannan aka gina takaful, inda mahalarta suke zuba gudummawa a asusu guda da niyyar taimakon duk wanda asara ta sama a cikinsu, kamfani kuma yana matsayin wakili mai gudanarwa da ake biya lada. An kafa kamfani na farko irin wannan a Sudan a shekarar 1979, kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojin gudanar da shi a Nijeriya a 2013. Masu kafa hujja da tsarin aƙila, wato dangin da ke haɗa diyyar kisan kuskure, suna da gaskiya ta fuskar cewa Shari'a ta san raba nauyin kuskure a kan jama'a, sai dai ya kamata a tuna cewa aƙila ba ta ɗaukar ɓarnar dukiya, don haka fashewar fitila ba ta shiga wannan ƙiyasi kai tsaye. Game da inshorar dole, malaman da suka hana inshorar kasuwanci ba su ɗora zunubi a kan wanda doka ta tilasta ba, ko da yake sun saɓa a kan ko zai amfana da fiye da abin da ya zuba, kuma da yawansu sun bayyana cewa wanda aka cutar yana da damar karɓar cikakken haƙƙinsa daga kamfani, domin haƙƙinsa ne da ya tabbata a kan direba, wani ya biya a madadinsa.

Wurin da jarrabawar take a aikace shi ne lokacin cike takardar neman diyya. Kamfani yana buƙatar a sanar da shi da wuri, a kawo hotunan ɓarna da lasin wanda yake tuƙi da ƙiyasin kuɗin gyara, wani lokaci da rahoton 'yan sanda, sannan ya aiko jami'insa ya duba motar kafin a taɓa ta. A nan ne shawarwari suke fara zuwa daga masu ganin kansu sun san gari. Idan lasin mai aro ya ƙare, ko ba shi da shi sam, sai a ce mai mota ya rubuta cewa shi ne yake tuƙi. Idan an kai motar gareji, mai gyaran jiki yakan zagaya ta yana shafa ƙofa da tafin hannu, ya tsaya a kan wata tsohuwar lotsawa da ta shekara a ƙofar baya har tsatsa ta fara cin bakinta, ya ce a haɗa da ita tunda fenti ɗaya za a fesa, sannan ya tambaya ko takardar kamfani zai rubuta ko ta gaskiya, ya sa kuɗin sabuwar fitila alhali ta hannu za a sayo a kasuwar kayan gyara. Akwai ma wanda yake ɓoye hatsarin ya je ya sayi cikakkiyar inshora, bayan mako biyu ya kawo rahoto kamar jiya abin ya faru. Yarjejeniyar inshora kuwa an gina ta ne a kan abin da masana doka suke kira cikakkiyar gaskiya tsakanin ɓangarori, domin kamfani ba ya wurin da aka yi karo kuma ba shi da abin dogaro sai abin da aka faɗa masa, wanda shi ne ainihin matsayin da mai mota yake ciki game da mai aro.

Hujjar da ake kawowa domin halatta irin wannan ita ce wai tunda malamai sun ce ƙullin inshorar kasuwanci ɓatacce ne, to dukiyar kamfanin ba ta da alfarma, ko kuma wai kamfanoni suna karɓar kuɗin mutane shekara da shekaru ba su biya komai ba. Wannan hujja ba ta tsayuwa ko ta wace fuska aka dube ta. Wanda ya gamsu cewa ƙullin bai inganta ba, abin da ra'ayinsa zai kai shi gare shi shi ne taƙaita abin da zai karɓa, ba faɗaɗa shi da ƙarya ba, kuma haramcin ƙarya da shaidar zur da cin dukiyar mutane da ɓarna, wanda aya ta 188 ta Suratul Baƙara da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i suka zo da shi, bai rataya da ingancin wani ƙulli ko addinin mai dukiya ba. Safwanu bai riga ya musulunta ba lokacin da aka lamunce masa sulkunansa. Idan kamfani yana jan ƙafa wajen biyan haƙƙi na gaskiya, wannan zalunci ne da ake kai kukansa ga hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin, amma ba ya mayar da ƙirƙirarren ƙiyasi halal. A takaful al'amarin ya fi bayyana, domin asusun na mahalarta ne kuma rarar da ta saura a ƙarshen shekara su ake raba wa, don haka kowace naira da aka ƙara a takardar gyara daga hannun wasu masu mota irinsa aka zare ta. Akwai kuma wata cutar da ta keɓanci motar aro: mai aron da ya roƙi mai mota ya ce shi ne direba ya saka wa wanda ya kyautata masa da jefa shi cikin laifin zamba, wanda idan ya tonu kamfani zai ƙi biya, zai iya soke inshorar, kuma sunan mai mota ne a kan takardar.

Idan an bi gaskiya kuma kamfani ya biya, sauran tambayar ita ce me ya rage a kan mai aro. Ƙa'idar inshora da ta fiƙihu sun haɗu a kan cewa ba a karɓar diyya biyu a kan ɓarna ɗaya, don haka mai motar da kamfani ya gyara wa ba shi da damar ya sake karɓar kuɗin wannan gyara daga mai aro, haka nan idan kamfani ya biya shi sannan ya bi wanda ya buge motar domin ya maido da kuɗinsa, wanda ake kira maye gurbi, bai halatta mai mota ya je ta bayan fage ya yafe wa wancan ko ya karɓi wani abu a hannunsa ba. Amma biyan kamfani ba ya share komai da komai. A cikakkiyar inshora akwai wani kaso na farkon asara da mai mota yake ɗauka da kansa a kowane nema, akwai kuma rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba, wanda yakan rasa shi a sabuntawa ta gaba. Idan mai aro ne ya yi sakaci, kason farko a kansa yake babu ja, domin yanki ne na gyaran da tun asali shi ya wajaba ya biya, kuma adalci yana karkata ga ya cike wa mai mota rangwamen da ya rasa da kuɗin abin hawan da ya kashe a kwanakin da motar take gareji. A ƙaramin karo ma sau da yawa lissafi yakan nuna cewa kuɗin gyaran bai fi kason farko da rangwamen ba, ta yadda ya fi sauƙi mai aro ya gyara daga aljihunsa. Yanke wannan shawara kuwa haƙƙin mai mota ne tunda yarjejeniyar tasa ce, kuma bai dace mai aro ya matsa masa ya nemi diyya don kawai shi ya huta ba, ko ya gyara a ɓoye ya dawo da mota bai faɗa ba, domin motar da aka yi wa fenti ta biyu ƙimarta takan ragu a wurin masu saye, kuma mai ita yana da haƙƙin sanin hakan.

Al'adar kunya da kara tana shiga wannan al'amari ta hanyar da ke da kyau da kuma haɗari. Ƙane yakan dawo da mota ya ce, "Yaya, tsautsayi ya same ni a hanya," kafin ya ƙarasa wan ya tare shi da, "Haba, babu komai, tunda kai lafiya, Allah Ya kiyaye gaba." Yafiya irin wannan tana daga cikin kyawawan halaye, kuma mai haƙƙi yana da cikakken ikon barin haƙƙinsa. Sai dai hadisi ya sharɗanta daɗin rai wajen halaccin dukiyar Musulmi ga waninsa, kuma malamai irin su Imam Gazali sun yi gargaɗi a kan abin da ake samu daga mutum saboda ya ji kunyar hanawa a gaban jama'a. Mai aron da ya san yanayin wansa, ya san albashinsa ba zai ɗauki gyaran ba sai ya ci bashi, bai kamata ya riƙe kalmar farko da aka furta a tsakar gida a matsayin kuɓuta ba. Abin da ya dace shi ne ya faɗi yadda abin ya faru har da nasa laifin, ya kai motar gareji, ya kawo kuɗin a hannu, domin yafiyar da aka yi bayan an san gaskiya kuma an ga kuɗi ita ce wadda babu shakka a kan ingancinta. Rashin yin haka ne yake sa mutum ya ce ya yafe da baki amma ya daina ba da aro har abada, ya koma cewa motar ba ta da lafiya duk ranar da aka tambaya, sai cutar ta faɗa kan maƙwabcin da zai zo neman a kai matarsa asibiti da tsakar dare.

Mai mota ma yana da nasa nauyin, wanda ba kasafai ake ambata ba saboda ana kallonsa a matsayin mai kyautatawa. Idan ya san birki yana da matsala ko taya ta suɗe ya yi shiru, sannan wannan aibin ya jawo karo, ba shi da damar ɗora gyara a kan mai aro, kuma shi ne sanadin cutar da ta samu ɓangare na uku, domin fiƙihu yana ɗora lamuni a kan mai sanadi idan ya yi ta'adi a sanadin nasa. Haka batun takardar inshora: an daɗe ana fama da takardun bogi da 'yan bayan fage suke haɗa wa mutane tare da sauran takardun mota, kuma ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ta buɗe rumbun bayanai a intanet inda ake sanya lambar mota a ga ko inshorarta ta gaskiya ce. Idan aka yi karo aka tarar takardar ta bogi ce ko wa'adinta ya ƙare, haƙƙin wanda aka buge yana nan a kan direba ba tare da ragi ba, domin babu ruwansa da abin da ke tsakanin mai aro da mai mota. Amma idan mai mota ya san halin takardar kuma ya miƙa ta tare da makulli a matsayin ingantacciya, ya ruɗi mai aro a kan abin da da ya sani da wataƙila bai hau titi ba, don haka tarar da hukuma za ta ci saboda rashin inshora a kansa ya kamata ta faɗa, kuma akwai hujja mai ƙarfi cewa mai aro ya koma masa da kuɗin da kamfani zai biya da a ce takardar ta gaskiya ce.